Na Ba Su Awa Arba'in da Takwas

Litinin, 2 ga Yuni

Mai karatu ya lalace. Haka nake kiran manhajar da 'yata ta sa mini a kwamfuta bara, lokacin da idona ya ƙi. Ina ɗaga takarda gaban ɗan idon kwamfutar, shi kuma ya karanta mini. Muryar namiji gare shi. Jiya ya ce zai sabunta kansa, na ce to. Yau na ɗaga masa kwalin magani, ya faɗi sunan, ya yi shiru. Daidai inda ake faɗin ƙwaya nawa. Na ɗaga takardar asibiti ta wannan makon, ya karanta sunana da kwanan wata, ya sake yin gum.

Magani bakwai nake sha. Na tsinka jini kuwa kowane mako ake canja adadinsa bayan gwaji.

Ba zan gaya wa 'yata ba. A watan Afrilu na haɗa biyu da bai kamata ba, na faɗi a banɗaki, na yi awa huɗu a kan siminti kafin a ji ni. Ranar ta ce, "Baba, in aka sake, gidana za ka dawo. Kuma ba shawara nake ba ka ba." Ran 28 ga wata za ta zo ta ga da idonta ko ina iyawa ni kaɗai. Ɗakin da ta tanadar mini yana jikin kicin, bango ɗaya da talabijin.

Shekara arba'in da ɗaya ina ɗakin nan. Na san inda kowace ƙusa take.

Da babban alƙalami nake rubuta wannan, ko da yake ba na iya karanta shi. Hannu ne ya saba.

Laraba, 4 ga Yuni

Na sauka wurin Mai Gyara, mai shagon waya da ke ƙasan benenmu. Matakala goma sha tara, na huta sau biyu. Ya jujjuya kwamfutar ya ce ba zai iya mayar da tsohon ba, amma akwai shafin da ake kai ƙorafi. Ya buɗe mini shi. Yana ta wani bayani, mai ciniki ya shigo, ni kuma ban tsaya saurare ba. Ni za a koya wa rubuta ƙorafi?

Shekara talatin da biyar na yi a kan tafireta. Ba na buƙatar ido in buga wasiƙa. Na hau sama na buga musu takardar tuhuma yadda ake yin ta: lambar fayil a sama, zuwa ga Manajan Sashen Koke-koke, kan magana da manyan baƙaƙe. Na ce su yi bayani a rubuce cikin awa arba'in da takwas, dalilin da zai sa ba za a ɗauki wannan a matsayin sakaci da aiki ba.

Da na danna aikawa sai na ji bayana ya miƙe. Rabon da in ji haka tun ranar da na ajiye aiki.

Juma'a, 6 ga Yuni

Awa arba'in da takwas sun cika. Shiru.

Asabar, 7 ga Yuni

Amsa ta zo da hantsi. Layi huɗu. Babu kan takarda, babu lamba, babu muƙami. Wata ce ta rubuto. Ta gode da na sanar, ta ce ta yi baƙin ciki da hakan ta faru. Sai tambayoyi: wane irin kwali ne, a ina yake tsayawa, ko duk takarda yake yi wa haka ko wasu, in aiko da hoto in zan iya.

Ka ji! A aiko maka tuhuma, ka amsa da tambaya. A zamaninmu ƙaramar ma'aikaciya ta yi haka, kafin azahar tana gaban shugaba. Ni zan yi musu aikinsu? Su suka ɓata, su nemo inda suka ɓata.

Ban amsa mata ba. Ba da ita nake magana ba.

Litinin, 9 ga Yuni

Tunatarwa ta farko. Na buɗe mata sabon fayil, don kowace wasiƙa da lambarta, haka aka koya mana. Kwafi ga Shugaban Kamfani. Na nemi a sanar da ni sunan wanda ke saman wannan yarinyar.

Sabuwar takardar asibiti ta zo. Mai Gyara ya karanta mini a tsaye, ƙwaya ɗaya da rabi. Ya ce, "Baba Akawu, kullum ka sauko mana, mene ne a ciki?" Na ce ba kullum ba. Sai ƙarfe goma yake buɗewa, maganina na ƙarfe bakwai ne. Kuma ran da na faɗi a Afrilu, ai yana can garin sarin kaya.

Talata, 10 ga Yuni

Na kuskure. Kwalaye biyu girmansu ɗaya, na lalube, na ɗauka na hawan jini ne na yamma, ashe na safe na maimaita. Ɗakin ya yi ta juyawa da ni. Na kwanta a ƙasa da gangan, don kada in faɗi.

Ina nan kwance 'yata ta kira. "Baba, muryarka fa?" Na ce barci na tashi. "Mai karatun yana aiki dai?" Na ce ras. Ta ce to, Allah ya sa.

Da na iya tashi na buga tunatarwa ta biyu da ta uku, kowace da fayil ɗinta. Na sa kalmomin da ban taɓa sawa a takardar ofis ba.

Alhamis, 12 ga Yuni

Ashe jama'a na ganin abin da nake rubutawa. Rubutun cikin kwamfuta mai karatu yana iyawa har yanzu, ya karanto mini. Mutum arba'in da ɗaya sun sa alamar goyon baya. Wani ya ce, "Dattijon nan ya faɗi abin da ke ranmu." Wani ya kwafi wasiƙata ya canja suna kawai. Wani kuma ya ce matar malalaciya ce, in ba za ta iya ba ta ba masu iyawa wuri. Wannan ya ɗan wuce gona da iri, amma ban tsawata masa ba.

Gaskiya na ji daɗi. Na sa mai karatu ya maimaita mini na farkon sau uku. Wata nawa rabon da wani ya ce na faɗi daidai?

Na aika gargaɗin ƙarshe. Fayil na bakwai ke nan, da waɗanda ban rubuta a nan ba.

Asabar, 14 ga Yuni

Ban san ta inda zan fara ba.

Da safe ta sa sanarwa a saman shafin. Mai karatu ya karanta mini da muryarsa da ba ta hawa ba ta sauka. Abin da na riƙe: babu kamfani, babu manaja, babu shugaba. Ita kaɗai ce. Malamar lissafi ce a makarantar sakandare. Ta rubuta manhajar shekara shida da suka wuce don mahaifiyarta da ta makance, ta sake ta ga duniya kyauta. Safiyar Asabar kawai take samu ta taɓa ta. A makon nan ta tarar da saƙo ɗari da wani abu, babu ko ɗaya da ya amsa abin da ta tambaya. Ta rufe buɗe sabon ƙorafi. Zuwa ƙarshen wata za ta yanke shawara ko za ta ci gaba ko za ta ajiye.

Ban yarda ba. Na ɗauki sanda na sauka. Mai Gyara ya karanta da idonsa, ya cire tabarau, ya dube ni.

"Baba Akawu, kai ne mai fayil bakwai ɗin nan?"

Na ce ina ruwansa, shi dai ya gaya mini ina ofishinsu yake.

"Ofishin ke nan ka ji. Teburin cin abincinta."

"To wa yake biyanta?"

"Babu. Ai ranar na fara gaya maka, ka ɗauke kwamfutarka ka yi sama. Irin waɗannan a buɗe suke, kowa zai iya leƙa cikinsu, mai iyawa ya gyara, marar iyawa ya taimaka da bayani. Rabin abin da nake aiki da shi a shagon nan haka yake. Wasu bayin Allah ne can, ban taɓa ganin fuskarsu ba."

Na ce to me ya sa ba ta faɗa ba tun farko. Ya ce yana rubuce a shafin farko, layi na biyu. Ya ƙara da cewa, "Mace ta ba ka ido kyauta, kai kuma ka ba ta awa arba'in da takwas." Ya yi dariya, da ya ga fuskata ya daina.

Na tambaye shi in ta ajiye wa zai ɗauka. Ya ɗaga kafaɗa. Ya ce wataƙila wani, wataƙila babu kowa.

Hawan matakalar ya ɗauke ni kusan rabin awa.

Lahadi, 15 ga Yuni

Ban kunna kwamfutar ba.

Litinin, 16 ga Yuni

Akwai wani masinja a ofishinmu, muna ce masa Dogo. Wata shekara ya riƙa makara. Ni na buga masa tuhuma uku a wata ɗaya, shugaba ya sa hannu, ni na miƙa masa. Ta ukun ya karɓa da hannu biyu, bai dawo ba. Bayan shekara na ji ashe matarsa ce ke kwance, shi ke dafa wa yara kafin ya fito. Ban tambaye shi ba, ba a tambaya. Takardar ba ta da wurin da ake rubuta haka.

Na iya buga ta dai, babu kuskure ko ɗaya.

Na ce wa Mai Gyara ya nemo mini lambar wayarta in ba ta haƙuri da bakina. Ya ƙi. "Ka kore ta daga shafi, yanzu kuma ka bi ta har gida? A'a, Baba. Tambaya ta yi maka. Ka amsa mata." Fayil na farko yana buɗe har yanzu, inji shi, ana iya rubutu a ƙarƙashinsa.

Saura kwana goma sha biyu 'yata ta zo.

Laraba, 18 ga Yuni

Na je kemis ɗin da ke bakin titi. Mai kemis ta ɗauka magani ya ƙare. Na ce kwalaye nake so, waɗanda babu komai a ciki, kowane iri. Ta ce, "Baba, sana'a za ka buɗe?" Ta cika mini leda biyu daga kwandon shara, ta sa aka rako ni da su.

Talatin da huɗu ne, da nawa bakwai. Na share tebur. Ina ɗaga kowanne sau uku, gaba da baya. Wanda ya karanta har ƙarshe, hannun dama. Wanda ya tsaya, hagu. Ina buga lamba, da sunan da ya faɗa, da kalmar ƙarshe kafin ya yi shiru. Rajista dai, irin ta da.

Goma sha biyu na yi yau, kafaɗata ta ƙi.

Juma'a, 20 ga Yuni

Na gama. Ashirin da uku a dama, goma sha takwas a hagu. Na shafa su, na auna su a tafin hannu, na shinshina ma. Ban gane bambancinsu ba.

Na sa kowane kashi a ledarsa na koma kemis. Ta baje su a kan kanta, tana sallamar mutane tana leƙowa. Can sai ta ce, "Af! Baba, duk na hagun nan an zana wa adadin akwati. Ka ga, layi ya kewaye shi. Na daman kuwa rubutu ne kawai a fili." Na ce ta duba takardar asibitina. Ita ma adadin yana cikin akwati.

Na zauna a bencinta. Abin da matar nan ta tambaye ni ke nan tun ran bakwai ga wata. Kwana uku ya ci mini. Da na yi shi a lokacin.

Mai kemis ta ce za ta riƙa rubuta mini adadin a bayan kwali da babban alƙalami. Na gode mata. Mai karatu ba ya karanta rubutun hannu, ni ma ba na gani.

Asabar, 21 ga Yuni

Mai Gyara ya ɗauki hotunan, biyar daga kowane kashi. Na sa rajistar gaba ɗaya a ƙarƙashin tambayarta. Wannan bai ba ni wuya ba.

Sauran ne ya ba ni wuya. Na buga "Ina mai baƙin cikin sanar da ke," na goge. Na buga "Bisa la'akari da," na goge. Yatsuna ba su san wata hanya ba. Daga ƙarshe na rubuta: "'Yata, ni ne tsohon da ya rubuto miki wasiƙu bakwai. Na ɗauka kamfani ne. Ko da kamfani ne ma bai kamata ba. Shekara guda kina karanta mini ban taɓa ce miki na gode ba. Ki yafe mini."

Na sa Mai Gyara ya rufe sauran fayil shidan. Na kuma rubuta wa wanda ya ce mata malalaciya cewa ni na fara, kuma na janye, shi ma ya janye. Ya amsa nan take da zagi. To, na ji yadda yake.

Talata, 24 ga Yuni

Shiru. Sau tara na duba yau.

Mai Gyara zai tafi sarin kaya ran Asabar, mako biyu. Ya faɗa yana kallon wani wuri.

'Yata ta kira, ta ce in shirya kwalayen a tebur, tana so ta ga yadda muke yi ni da mai karatu daga farko har ƙarshe. Na ce to.

Alhamis, 26 ga Yuni

Ta amsa.

Ta ce, "Baba, na karɓi haƙurinka, ya wuce." Ta ce a shekara shida ba a taɓa aiko mata da bayani mai tsabta kamar wannan ba, da ta ga kashi biyun nan ta gane inda matsalar take. Gyaran zai ci mata yini biyu cur. Yanzu tana cikin duba takardun jarrabawa, aji huɗu, mahaifiyarta kuma tana asibiti tun makon jiya, ita ke jinya. Niyyarta sai tsakiyar watan gobe in an yi hutu. Batun ajiyewa ba ta gama yanke shawara ba, amma wannan dai za ta gyara.

Sai ta ce: "Na lura duk kwalayen magani ne. In lafiyarka ta dogara da wannan, kuma ba ka da mai karanta maka, ka gaya mini gaskiya. Zan nemi wanda zai zauna da Mama, in yi shi gobe da jibi."

Gobe da jibi. Jibi da yamma 'yata za ta iso.

Na sa mai karatu ya maimaita. Na tashi na zaga ɗakin, na dafa bango, na dawo. Ba ƙarya zan yi ba in na ce e. Lafiyata ta dogara da shi. Ita ta tambaya, ba ni na roƙa ba. Kalma ɗaya ce, in ci gaba da zama a ɗakina.

Tsohuwar da aka yi abin dominta tana kwance, ba ta gani, a ɗakin da ba ta san inda ƙofarsa take ba. Wani baƙo zai zauna da ita yini biyu saboda ni.

Ban amsa ba. Ban ci abincin rana ba.

Juma'a, 27 ga Yuni

Na rubuta mata: "Babu gaggawa. Ina da mai karanta mini. Ki zauna da mahaifiyarki, Allah ya ba ta lafiya."

Na danna kafin in sake tunani.

Sai na ga ai na sake yin ƙarya, sai dai in na mai da ita gaskiya. Na kira 'yata tana wurin aiki. Na gaya mata komai, da na ran goma ga wata, da kwanciyar ƙasa. Sai ta ce, "Ras ka ce mini, Baba. Ras." Tana kuka tana faɗa. Na bar ta ta gama, tana da gaskiya.

Ta ce gobe da mota za ta zo, in haɗa kaya.

Asabar, 28 ga Yuni

Akwati ɗaya da kwamfuta. Na ce mata na mako uku ne, har a gyara. Ta ce, "Mu je dai." Mai Gyara ya jinkirta tafiyarsa ya sauko da ni, rabi a kafaɗarsa. Ya ce in na dawo zai ɗauke ni aikin rajista, albashina shayi.

Ban waiwaya ba. Ko na waiwaya me zan gani.

Alhamis, 3 ga Yuli

Talabijin ɗin nan ba ya hutawa. Katifar ta yi laushi da yawa. Surukina yana ce mini "Baba, a kawo wani abu?" sau goma a yini, kamar baƙon otal.

Ƙarfe bakwai 'yata take shigowa da kofin ruwa, ta zauna a bakin gado ta karanta kwalayen ɗaya bayan ɗaya. Tana sauri, tana haɗiye ƙarshen kalma, mai karatu ya fi ta iyawa nesa ba kusa ba. Na gaya mata. Ta ce to in kira shi ya kawo mini ruwan. In ta gama ba ta tashi nan da nan. Yau har ta makara wurin aiki, muna maganar wata gardama da aka yi a ofishinsu. Na ba ta shawara, ta ce za ta gwada.

Malamar ta rubuto layi ɗaya, an sallami mahaifiyarta. Ta tambaya ko zan yarda in gwada gyaran kafin ta sake shi ga kowa, in ya samu. Na ce zan duba lokacina.

Surukina ya tambaya ko a ɗauko mini teburina daga can, tunda na nan ya yi mini ƙasa. Na ce babu buƙata, mako uku ne.

Na ce dai in motar za ta bi ta wajen, to.